Ranar da Kwamfutar Abba Ta Daina Jiran Umma

Sallama gare ku, masu bibiyata. Ku da kuka saba zubo mini addu'a a ƙasan rubutu, yau ku dakata tukuna, ku karanta har ƙarshe. Abin da zan faɗa ban taɓa faɗa wa kowa ba, har aminiyata Sharifa. Na yi abin kunya, kuma ina sane na yi shi.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Rahinatu. Ina shekarar ƙarshe a jami'ar garinmu Wudil, gidanmu yana unguwar Sabon Gari, kuma ni kaɗai Allah ya bar wa iyayena. Abbana, Malam Yahuza mai buga takardu, ya rasu wata huɗu da 'yan kwanaki da suka wuce. Akwai kuma Jamil, wanda nake so tun ina aji biyu a jami'a. Magabatansa sun sa ranar Juma'a za su taso daga Lajawa su nemi aurena wurin Baffa Gwadabe, ƙanin Abba. Baffa ya amince tuni, amma ya rantse ba zai karɓi ko goro ɗaya ba sai Umma ta ce "to" da bakinta. Kalmar nan guda ɗaya kowa yake jira.

Dole in ba ku labarin kwamfutar Abba, in ba haka ba za ku ɗauka duk gidanmu mun zautu.

A gwanjo Abba ya saye ta, ina 'yar shekara uku. Irin ta kan tebur ce, akwatinta fari ne da, yanzu ya koma kalar ƙasa, fuskarta mai ƙaton ƙeya kamar tsohuwar talabijin. A shagon ƙofar gida take zaune, shagon da yake da ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin soro. Da ita ya buga wa ɗalibai takardun kammala karatu da ba su ƙirguwa, da katin ɗaurin aure, da takardar neman aiki. Lalurarta guda ce: ba ta mutuwa da kanta. In ka gama aiki ka ba ta umarnin rufewa, sai ta tattara komai, fuskar ta yi baƙi, wani rubutun Turanci ya fito yana cewa yanzu babu laifi a kashe ta. Daga nan sai ta tsaya cak, fankarta tana ta gurnani, har sai mutum ya sa yatsa ya danna makunni. In ba a danna ba, haka za ta wuni ta kwana.

Abokan sana'arsa sun sha yi masa tsiya. "Malam Yahuza, wannan ai sai gidan tarihi!" Sai ya yi dariya ya ce ai tsohuwar zuma da ita ake magani.

Kullum ƙarfe biyar da rabi, in ya tashi daga aiki, sai ya leƙo soro ya ɗaga murya.

"Rabi! Zo ki sallame ta."

Umma ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya na rubutun nan ba ta sani ba. Amma duk abin da take yi za ta ajiye, ko tuƙin tuwo ne. Ta zo da kofin kunun tsamiyarsa a hannun hagu, ta goge yatsan dama a gefen zani, ta yi bisimilla, ta danna. Fanka ta yi shiru. Shi kuma ya karɓi kofi ya ce, "An gode, babbar injiniya." Ta harare shi ta koma madafi tana murmushi. Shekara ashirin suna wannan, ni kuwa na ɗauke shi shirmen tsofaffi.

Kwana bakwai da rasuwarsa, masu zaman makoki sun watse, gida ya yi faɗi. Biyar da rabi na yi, Umma ta ce, "Rahina, je ki kunna ta." Na kunna. Ta ce, "To, rufe ta yadda yake yi." Na rufe, rubutun ya fito. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin baƙin hijabin takaba, ba kwalli ba turare, tana kallon rubutun kusan minti biyar. Sannan ta goge yatsa ta danna. Ranar har ni sai da na yi kuka.

Washegari muka sake. Rana ta goma muka sake, ta hamsin ma haka. Umma ba ta iya kunna ta ta kai ta wurin rubutun ba, kuma ta ƙi koya. Na zaunar da ita sau uku, sai ta janye hannu ta ce, "Wannan ba aikina ba ne. Nawa na ƙarshe ne." Saboda haka duk inda nake a duniyar nan, biyar da kwata ina cikin adaidaita sahu. Na bar lakca a tsakiya ba sau ɗaya ba. Na bar aikin ɗakin gwaji abokan rukunina suna zagina. Bikin yayar Sharifa ana tsakiyar kamu na zame da ankona, ban ko yi sallama ba.

Da farko tausayi ne yake kawo ni gida. Daga baya, Allah ya yafe mini, haushi ne. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, na tsani ƙarar fankar nan. Nakan tsaya a bayan Umma ina kallon ƙeyarta, ina cewa a raina, danna mana mu huta.

Jamil gyaran kwamfuta yake yi a makarantarmu, amma ya samu aiki a Kaduna, kuma da an ɗaura aure can za mu tare. Ranar Litinin Baffa Gwadabe ya zo jin ta bakin Umma. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, suka gaisa, ya tambayi haƙuri, ya tambayi gwiwarta, ta tambayi gona da iyali ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bayan labule, kunnena kamar ya fito.

"Yaya Rabi, mutanen Lajawa Juma'a suke tafe. Me zan ce musu?"

"Yaron ba shi da aibu, Gwadabe. Sai dai na ji an ce Kaduna."

"Kaduna ai ba bangon duniya ba ce. Mota ɗaya ce."

Ta murza bakin hijabi. Can ta ce a hankali, "To wa zai riƙa kunna mini?"

"Kunna me?"

Ta ce dai ya bari ta fita takaba ranar Laraba, za ta aika masa.

Ashe aurena ba a hannun Baffa yake ba, ba a hannun mutanen Lajawa ba, a jikin makunnin wata tsohuwar kwamfuta yake rataye. Nan take shaiɗan ya kawo mini shawara, na kuwa karɓa hannu bibbiyu. Na ce in babu abin dannawa, ai babu abin kunnawa. Za ta yi kuka kwana biyu ta haƙura, ta sake ni.

Na ɗauki waya na rubuta wa Jamil.

"Kwamfutar da ba ta mutuwa da kanta sai an danna, tana gyaruwa?"

"Tsohuwa ce sosai?"

"Ta Abba ce."

"Allah ya jiƙan Abba. Ƙaramin aiki ne in sha Allahu. Umma ta sani?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Sannan na rubuta, "Ai ita take wahalarwa. Kullum sai ta taso ta danna, ga ciwon gwiwa."

"Allah sarki. To bari in yi mata ba-zata, ko na samu fada a wurin surukata."

Har da hoton fuska mai dariya ya haɗo. Bawan Allah bai san ramin da nake haƙa masa ba.

Ranar Laraba tun da hantsi mata suka cika gida. Aka yi wa Umma kitso, aka sa mata lalle, gida ya ɗauki ƙamshin turaren wuta karo na farko tun rasuwa. Ta ɗaura sabuwar atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ta yafa farin mayafi. Da ta sa kwalli sai idanunta suka fito manya-manya, a nan na ga irin ramar da ta yi. A al'adarmu ranar da mace ta fita takaba takan zaga dangi ta yi musu ban-gajiyar zaman makoki, don haka bayan Azahar suka shirya tafiya Dagumawa wurin dangin Abba. Har lokacin ina da sauran shakka. Ina cewa watakila da fitar takaba abin zai fita daga ranta, in kira Jamil in ce ya bari.

Ta kai bakin soro, sai ta juyo.

"Zan dawo kafin biyar da rabi. Kada ki je ko'ina."

Wannan maganar ce ta kashe ɗan sauran imanin da ya rage mini.

Ƙarfe uku Jamil ya iso, cikin farin yadi mai guga, da 'yar jakar kayan aikinsa da kwalbar zuma da ya kawo wa Umma. Na buɗe masa shagon ta ƙofar titi, na bar ta a wangale, na tsaya daga bakin ƙofar soro. Ya kwance akwatin ya leƙa ciki.

"Ikon Allah. Abba ya iya riƙon kaya. Ko ƙura babu." Ya nuna mini wani ɗan batir mai kama da kwabo. "Na ɗauka wannan ne ya mutu ta manta saitinta, har na taho da sabo. Amma wannan bai fi shekara da sawa ba."

Ya mayar da murfi ya kunna. Ya shiga wani shafi shuɗi mai rubutu tsagwaro ya duba, ya ce nan lafiya lau. Ya fito ya shiga inda ake saita yadda take sarrafa wuta, sai na ga hannunsa ya tsaya.

"Rahina, zo ki gani. Kin ga ɗan akwatin nan? Alama ɗaya za a sa a ciki, shi ke nan, ta riƙa ɗauke wutarta da kanta. Mutumin da ya iya canza batirin can ba zai kasa sanin wannan ba." Ya juyo ya kalle ni. "Wannan ba lalacewa ba ce. Kamar da gangan aka bar ta haka."

Shekara ashirin Abba yana sane. Ya san maganinta, ya ƙi yi, don kawai ya riƙa leƙa soro yana kiran sunan matarsa. A nan ya kamata in ce, rufe mu tafi. Allah ya ba ni ƙofar fita a buɗe.

"Kin tabbata in sa?"

"Sa kawai," na ce. "Abba mantuwa gare shi."

Ya sa. Ya ba ta umarnin rufewa, muna kallo ta tattara komai, fuskar ta yi baƙi, fanka ta yi shiru, ɗan koren hasken gaba ya ɗauke. Babu rubutu. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Na so ya tafi. Na ce rana ta yi, na ce ba shi da aiki ne a makaranta? Ya ce ina, ai ba zai zo har gida ranar fitar takaba ya tafi bai yi wa Umma barka ba. Ya ja benci a ƙofar gida ya zauna. Ni kuma na shiga ɗaki ina kaiwa ina komowa.

Biyar da minti ashirin Umma ta dawo, ta gaji tiɓis, tana jan ƙafa. Jamil ya biyo ta soro ya durƙusa har ƙasa.

"Umma, barka da yamma. An dawo lafiya? Ya hanya? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Abba, ya sa ya huta."

"Amin, ɗan nan. Ya mutanen gida? Ya mahaifiyarka da jiki?"

Ta karɓi zumar da hannu biyu ta sa masa albarka. Wallahi har murmushi ta yi masa, irin wanda na daɗe ban gani ba. Na ce a raina, da ban yi komai ba, watakila yau ɗin nan za ta ce to. Sannan ta dubi inuwar da ke jikin bango.

"Rahina, lokaci."

Na kunna. Jamil ya tsaya daga gefe yana ta ƙunshe dariya, kamar yaron da ya ɓoye alawa a baki. Na ba ta umarnin rufewa na ja baya. Umma ta matso, ta goge yatsanta mai sabon lalle a gefen atamfa, ta miƙa hannu.

"Bismil..."

Fanka ta yi shiru.

Yatsanta yana nan a miƙe, bai kai ba. Ta dubi fuskar kwamfutar, baƙi ƙirin. Ta ƙarasa da hannun ta danna duk da haka, sai abin ya farka da gurnani, don yanzu dannawa kunnawa ce. Ta zabura ta ja da baya har mayafinta ya zame.

"Sake," ta ce mini.

Na jira kwamfutar ta gama tashi na sake rufewa. Wannan karon Umma ta riga ta ajiye yatsa daf da makunnin tana jira. Kwamfutar ta sake mutuwa ba ta jira ta ba.

"Ina rubutun? Rahina, ina rubutun?"

Dariyar da ke fuskar Jamil ta fara dusashewa, amma bai gane ba tukuna. "Umma, gyara ta aka yi. Yanzu ba sai kin wahala kin taso ba, ita da kanta..."

"Wa ya gyara?"

"Ni ne, Umma."

"Wa ya sa ka?"

Ya juyo ya kalle ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ina jin idonsa a kaina, ina jin na Umma ma. Kalma biyu ce, ni ce. Bakina ya ƙi buɗuwa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, sai dai na ji ya ja dogon numfashi, na san ya gane komai.

"Babu wanda ya sa ni, Umma. Karambanina ne. Ki yafe mini." Ya sake durƙusawa. "Zan mayar da ita yadda take yanzu-yanzu, ko minti biyu ba za a yi ba."

"A'a. Bar ta."

"Umma, don Allah..."

"Malam ya daɗe da gaya mini ya san maganinta. Hannunsa ne ya ajiye ta haka. In ka mayar, hannunka ne."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Ta gyara mayafinta ta shige gida, ta bar kwalbar zumar a dandamalin soro. Jamil ya tattara jakarsa ya fita, ko kallon inda nake bai yi ba.

Bayan Magariba saƙonsa ya shigo.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Na karanta. Wani ya biyo.

"Na rufa miki asiri a gabanta don ba zan kunyata ki ba. Amma ba zan shiga gidanku da wannan a kaina ba. Ki gaya mata kafin Juma'a."

Na ce a raina zan gaya mata in ta idar da salla. Ta idar, na ce bari ta ci abinci. Ba ta ci ba, na ce to ai ba a yi wa mai yunwa irin wannan magana, sai da safe. Da safe na same ta tana shara a tsakar gida, ta mayar da tsohon hijabinta, atamfar jiya tana ninke a kan igiya. Na durƙusa na ce ina kwana. Ta amsa, ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. Na ɗauki jaka na ce ina da lakcar ƙarfe takwas.

A makaranta ban ji ko kalma ɗaya ba. Na zaga ta bayan ɗakin kwamfutoci don kada mu haɗu da Jamil, ashe ma ya tafi Lajawa shirin gobe. Ƙarfe biyar ta yi ina zaune ƙarƙashin bishiyar darbejiya, karo na farko cikin wata huɗu babu abin da yake kirana gida. Abin da na yi ta nema ke nan, ga shi na samu, kuma ban taɓa jin ƙunci irin na lokacin ba. Na miƙe na tari adaidaita.

Na same ta a soro, zaune a kan 'yar kujerar tsuguno, tana fuskantar ƙofar shagon. Ta sa mata kwaɗo. Hannayenta suna kan cinya, ba carbi ba komai. Na zube a gabanta tun ban ajiye jaka ba.

"Umma, ni ce. Ni na sa shi. Bai san komai ba, ƙarya na yi masa."

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Baƙo ya san ranar da zan bar gida? Ya san inda nake ajiye mukulli? Ni na haife ki, Rahina." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Kin gaji da ni, ban ga laifinki ba, yarinya ce ke. Da kin ce, Umma na gaji, da na ji zafi na haƙura. Abin da kika lalata ma na bar wa Allah. Amma na ga yaron nan ya juyo yana neman idonki, kika ba shi ƙeya."

"Umma, ki yafe mini..."

"Tun jiya nake jiranki. Na jira ki da Magariba. Na jira ki da safe da tsintsiya a hannu, kika ce mini ina kwana kika ɗauki jaka. Da aka yi Azahar na aika aka kira Gwadabe."

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya je Lajawa ya ba su haƙuri, kada su zo gobe."

"Wallahi Umma Jamil ba shi da laifi! Wallahi..."

"Haka na ce a gaya musu. Na ce ɗansu ɗan halak ne, an ɗora masa kayan da ba nasa ba ya ɗauka bai ce uffan ba. Na ce tawa 'yar ce ban gama tarbiyyarta ba, kuma ba zan ba mutanen kirki abin da zai cuci ɗansu ba."

Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar. Na kai hannu in taimaka mata, ta kauce, ta wuce ni ta shiga gida.

Ina nan durƙushe a soro wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Jamil ne.

"Ga Baffanki ya iso gidanmu, fuskarsa babu daɗi. An ce in tashi in ba manya wuri. Rahina, kin gaya mata kuwa?"

Ku da kuke karantawa, ku gaya mini, me zan rubuta masa?